Ba laifin ƙ da ɗ da ɓ ba ne, mudun awonmu ne ba daidai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi in amsa wa ɗan'uwan nan da ya rubuto kwanakin baya yana ba da shawarar mu haƙura da haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, a duk rubutun da zai shiga kwamfuta ko waya. Hujjarsa ita ce suna ɓata takardu, suna fitowa a hargitse, kuma suna ƙara tsadar saƙon tes. Ban zo in ƙaryata shi ba. Duk abin da ya lissafa na gani da idona, wani ma a hannuna ya faru. Inda muka rabu da shi shi ne wanda ya ɗora wa laifin.

Sana'ata rubuta manhaja ce a nan Sakkwato, akasari ga ƙananan makarantu masu zaman kansu da shagunan magani. Shekarun baya na yi wa wata makaranta manhajar fitar da takardar sakamakon jarrabawa. A saman takardar akwai gurbin suna, na gwada na ga haruffa 24 yake ɗauka, sai na umarci manhajar ta yanke duk sunan da ya wuce haka don kada ya hau kan hoton ɗalibi. Na gwada da sunaye da yawa, komai lafiya lau. Aka biya ni, na kama gabana.

Ranar ba da hutu, cikin zafin nan na watan Afrilu da ko inuwa ba ta ceton mutum, shugaban makarantar ya kira ni ya ce in zo yanzu. Na tarar da wani dattijo zaune a kan benci a ƙofar ofis, ɗan kabu-kabun da ya kawo shi yana jiransa a gindin dogonyaro. Ya zaro takarda daga aljihun gaban rigarsa, ninki huɗu, gumi ya ɗan jiƙa gefenta. Ya buɗe ta a kan gwiwarsa ya ɗora yatsa a kan sunan. Ba zan faɗi sunan yarinyar ba, amma bari in kawo wani da ƙirgensa ya yi daidai da nata: Ruƙayya Abubakar Siddiƙu. Abin da ya fito a takardar shi ne Ruƙayya Abubakar Siddi, sai wani baƙin tabo mai kusurwa huɗu da alamar tambaya a cikinsa. Daga nan babu komai.

Ya ce mini, "Malam, kai kab buga wagga takarda?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Ɗiyata ita taz zo ta ɗaya. Ina son in kai ma kakanta shi gani. Ƙaƙa za ni nuna mishi wanga tabo bisa sunanmu?" Bai ɗaga murya ba. Ya dai ƙara da cewa sunan Sahabi ne aka sa masa, ba a yi masa haka.

Na ƙirga haruffan sunan a gabansa da bakin biro, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. 24 cif. Ya kamata ya shiga gurbin ba tare da an taɓa shi ba. A daren nan ban kwanta ba sai da na gano inda na yi kuskure, kuma shi nake son in bayyana wa masu karatu, ko da wanda bai taɓa rubuta manhaja ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tana ajiye komai a cikin 'yan ƙananan gurabe da ake kira bayit, kowane bayit yana ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Da Amurkawa suka tsara jadawalin ASCII a shekarun 1960, alamomi 128 kacal suka sa a ciki: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, lambobi, alamomin rubutu da wasu na sarrafa na'ura. Kowace alama ta shiga bayit ɗaya har da saura. Daga nan aka saba da cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne, kuma a kan wannan sabo aka gina yarukan manhaja da dama, irin su C da PHP. A lokacin gaskiya ne. Yanzu ba gaskiya ba ne, amma har yau haka ake koya wa yaranmu a aji ba tare da an ce musu akwai sharaɗi ba.

A 1991 aka fitar da Unicode, babban jadawalin da aka tsara don ba kowane harafi na duniya lambarsa. Harafin k lambarsa 107. Namu ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ 599, sai ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y, lambarsa 436. Kowa ya ga matsalar: 409 ba za ta shiga gurbin da iyakarsa 255 ba. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar da ake kira UTF-8, wadda ita ce mafi yawan shafukan intanet ke amfani da ita a yau. Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Harafin da lambarsa ba ta kai 128 ba, bayit ɗaya. Daga 128 zuwa 2047, bayit biyu. Daga nan zuwa 65,535, bayit uku. Abin da ya haura haka, kamar 'yan fuskokin dariya da kuka da muke tura wa juna a WhatsApp, bayit huɗu.

To ga abin da ya sami sunan yarinyar. Ƙ biyu ne a cikinsa, kowanne bayit biyu, don haka haruffa 24 ne amma bayit 26. Ni kuma umarnin da na yi amfani da shi a PHP, wato substr, bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Ƙ na Siddiƙu ya zauna a bayit na 24 da na 25. Wuƙar ta sauka a tsakiyarsa, ta bar rabin farko, lamba 198, ta jefar da rabi na biyu, lamba 153, tare da u na ƙarshe. Da manhajar buga takarda ta iso kan 198 ta ga alamar cewa abokin tafiyarsa na biye, ta duba ba ta gan shi ba, sai ta sa baƙin tabon nan, wanda shi ne yadda kwamfuta ke cewa a nan akwai abin da ya karye. Sunayen da na yi gwaji da su kuwa duk irin su Musa da Aminu da Zainab ne, babu lanƙwasa ko ɗaya. Ni Bahaushe, a Sakkwato, na yi wa Hausawa aiki, amma ban gwada shi da ƙ ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar albasa ya san ƙirge daban, awo daban. Mai sayen ɗaiɗai yana ƙirga ƙwara, direban da zai ɗauki kaya zuwa kudu nauyi ne damuwarsa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, sai ranar da aka tambayi mutum ƙwara nawa ya amsa da kilo. Haka umarnin auna tsawon rubutu, wato strlen, yake a PHP da C, haka len yake a yaren Go, haka LENGTH yake a rumbun bayanai na MySQL: duk nauyi suke faɗa, wato bayit. Mai son ƙirgen haruffa a PHP sai ya kira mb_strlen, ya yanka da mb_substr. A MySQL ya kira CHAR_LENGTH. A yaren Python na zamani abin juyawa ya yi: len haruffa yake ƙirgawa, mai son sanin bayit sai ya fara mai da rubutun UTF-8 da encode sannan ya auna. JavaScript kuma nasa mudun daban ne, yana ƙirga gurabe masu bayit bibbiyu, shi ya sa ƙ yake ba shi 1 amma fuskar dariya guda take ba shi 2. Gyaran da na yi a wancan dare bai wuce ƙara haruffa uku, wato mb_, a gaban umarni ɗaya ba.

Kada a fahimce ni kamar ina cewa awon bayit ba shi da amfani. Akwai wuraren da shi ne daidai. Sunan fayil a yawancin kwamfutocin Linux iyakarsa bayit 255 ne, ba haruffa 255 ba. A rumbun Oracle, idan ba a canja saitinsa ba, gurbin da aka ce 20 bayit 20 ake nufi. Idan iyakar ta bayit ce, dole a auna da bayit, sai dai a yanka a gaɓa kamar yadda mahauci ke yi, ba a tsakiyar ƙashi ba. Kuma masu tsara UTF-8 sun sauƙaƙa gane gaɓar: duk bayit da lambarsa ke tsakanin 128 da 191 ci-gaban harafi ne, ba farkonsa ba. Idan wuƙa ta faɗa a kan irinsa, sai a ja baya har a iske farkon harafin. A PHP akwai mb_strcut da aka yi musamman don wannan.

Hargitsin da ɗan'uwan ya ambata, inda ƙasa ke fitowa Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki, shi ma danginsa ne. Bayit biyun nan na ƙ suna nan lafiya, ba abin da ya same su. Wata manhaja ce ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsohon jadawalin Windows na Yammacin Turai, sai 198 ta zama Æ, 153 ta zama ™. Idan aka gaya mata UTF-8 ne, nan take rubutun zai miƙe. Kuma a lura, ba haruffanmu kaɗai abin ke samu ba. Alamar naira, ₦, bayit uku ce, kuma na sha ganin rasit da ta fito â‚¦ a gaban kuɗi. Ban taɓa jin wanda ya ce a daina rubuta alamar naira saboda haka ba. Cewa ake yi a kira mai gyara.

Maganar saƙon tes kuwa, a nan ɗan'uwan yana da gaskiya mai nauyi, kuma ba zan rage mata komai ba. Saƙo ɗaya bayit 140 yake ɗauka. Idan duk haruffan suna cikin ƙaramin jadawalin da aka tsara wa wayoyin GSM, ana matsa su har 160 su shiga. Jadawalin nan yana da é da ñ da ü na Turawa, yana da alamar fam da dala, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ₦. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari inda kowane harafi, har a da b, ke cin bayit biyu. Iyaka sai ta faɗo daga 160 zuwa 70. In saƙon ya yi tsawo aka rarraba shi, kowane yanki 67 yake ɗauka, domin ana cire wani abu don ɗinke su a wayar mai karɓa. Ke nan sanarwa mai haruffa 150, wadda da saƙo ɗaya ce, ƙ guda zai mai da ita uku. Makarantar da ke tura wa iyaye ɗari huɗu sanarwar taro za ta biya kuɗin saƙo 1,200 a maimakon 400. Shugaban makarantar nan ya taɓa kirana a kan haka, ransa a ɓace, yana zaton kamfanin tura saƙon ne ke cutarsa.

Abin da na yi masa shi ne na sa manhajar tana nuna wa magatakarda, tun yana cikin rubutu, saƙo nawa abin da ya rubuta zai zama da kuma harafin da ya jawo ƙarin. Sai ya zaɓa da idonsa a buɗe. Sau da yawa ma ba ƙ ba ce mai laifin, 'yar waƙafin sama ce mai lanƙwasa da Word ke sakawa da kansa a kalmomi irin su 'ya'ya da sana'a. Idan aka kwafo rubutun daga can, ita kaɗai ta isa ta ninka kuɗin. A mai da ita miƙaƙƙiya, shi ke nan. Inda kuma ma'ana ke iya juyawa, shawarata a gare su ita ce a taƙaita saƙon ya shiga 70, a bar lanƙwasar a wurinta. Mu da ke garin Sarkin Musulmi mun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin "an tafi fada" da "an tafi faɗa". Uban da ya sami tes cewa ɗansa yana wurin fada ba zai san ko ya yi murna ko ya nemi takalmansa ba. Haka baki da baƙi, kura da ƙura, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Mai karatu yana iya cankar ma'ana daga zancen, na yarda, amma yaron da ke koyon karatu da baƙon da ke koyon harshen da manhajar da ke karanta wa makaho rubutu da murya, su wa zai cankar musu?

Akwai wani ɓangare da ɗan'uwan bai taɓo ba, wanda mu a Sakkwato ya fi shafar mu, wato ajami. Garin nan cike yake da rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, na Larabci da Fulfulde da Hausa, wasu a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu a gafakokin gidajen malamai. Duk ranar da aka tashi shigar da su kwamfuta a matsayin rubutu, ba hoto kawai ba, wannan matsala za ta taso da girmanta. Kowane baƙin Larabci bayit biyu ne a UTF-8. Kowane wasali, na bisa ko na ƙasa ko rufu'a ko ɗauri, alama ce mai zaman kanta, ita ma bayit biyu. Ɗauki كَتَبَ: ido yana ganin baƙaƙe uku, Python zai ce 6, strlen zai ce 12. Duk amsoshin ukun daidai ne, kowacce a mudunta. Ajamin Hausa kuwa ba ya karantuwa sai da wasulla, don haka nauyinsa kusan kullum ninki ne. Fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a bisa, irin na rubutun Warshu da muka tashi da shi a makarantar allo, an ba su lambobinsu na musamman a Unicode a 2016, kuma su bayit uku-uku suke ci. Wanda ya yanke irin wannan rubutu da ƙirgen bayit zai karya baƙi. Wanda ya yanke da ƙirgen alamomi ba zai karya baƙi ba, amma yana iya raba shi da wasalinsa, kalma ta sauya. Idan baitin waƙar Nana Asma'u ne aka yi wa haka, ba na jin akwai wanda zai ce a cire wasulla don a huta.

Magabatanmu da suka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da dalma suke aiki, kowane harafi sai an ɗauko shi da hannu ko an zuba shi a na'ura. Duk da haka boko ya iso gare mu da lanƙwasarsa. Mu da waya ke ba mu ƙ da danna k na daƙiƙa ɗaya, ba mu da uzurin da ya kai nasu.

Roƙona uku ne, kuma na farko gare ku ne, Malam Edita. Ku riƙe lanƙwasa a takarda da kuma shafinku na intanet, har a kanun labarai. Idan mai kula muku da shafi ya ce ba za ta yiwu ba, ku tambaye shi wane tsari rumbunku yake kai. In MySQL ne, ya mai da shi utf8mb4, wanda yake nan tun 2010. Wanda ake kira utf8 kawai a can bayit uku ne iyakarsa, zai riƙe ƙ amma zai yi amai da duk abin da ya kai huɗu.

Na biyu ga malamanmu masu koyar da ilmin kwamfuta a jami'a da kwalejoji da ƙananan cibiyoyin da ke cikin gari. Ranar da za a koya wa ɗalibai auna tsawon rubutu, a sa su auna Boɗinga, su ga haruffa 7 sun ba da bayit 8, su yi ta tunani har su gano dalili da kansu. A sa su mai da Ruƙayya manyan baƙaƙe da strtoupper, su ga RUƙAYYA ta fito da ƙaramin ƙ a tsakiya kamar an cire mata haƙori. Darasin minti ashirin ne, kuma da an yi mini shi da dattijon nan bai hau kabu-kabu cikin rana ba.

Na uku ga abokan sana'ata da ke gina fom na rajista ga hukumomi da bankuna da makarantu. Ku daina sa sharaɗin da ke korar duk abin da ba a zuwa z ba. Mutumin da sunansa Ɗahiru ko Ƙasimu ko Ɗayyabu, idan fom ya ce masa sunansa yana ɗauke da alamar da ba a yarda da ita ba, zai goge lanƙwasar ya wuce, domin yana sauri kuma layi na bayansa. Daga ranar sunansa a takardun hukuma ya zama wanda ba shi aka raɗa masa ba, kuma haka 'ya'yansa za su gada.

Ni dai tun daga wancan lokaci ina da ɗan fayil da nake gwada kowace manhaja da shi kafin ta bar hannuna. Layi shida ne a ciki: suna mai ƙ biyu, suna da ya fara da Ɗ babba, kalmar 'ya'ya da waƙafi iri biyu, kuɗi da alamar ₦, layi ɗaya na ajami da wasullansa, da fuskar dariya guda. Duk abokin aikin da ke so ya zo shagona in zuba masa a filas, ko ya zauna ya rubuta nasa, ba zai ci masa minti biyar ba.

Takardar yarinyar kuwa, washegari da safe na sake buga ta a kan takarda mai kauri, shugaban makaranta ya sa hannu ya buga hatimi, na kai wa dattijon har gida. Ya sa tabarau ya bi sunan da yatsa daga farko har u na ƙarshe, sannan ya kira ta daga cikin gida ya ce ta sa hijabinta, za su wurin kakanta.

Wassalam.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja,
Runjin Sambo, Sakkwato.